Tausar Khoat a Ranar Kokawa

"Wai shi mijin Thoan, tausa ya koyo a birni ko sussukar shinkafa?"

Gwaggo Tuat maƙwabciyarmu ce ta yi tambayar a bakin tafki, tana wanke ganyen miya. Ba ta san ina bayan kurmin gora ina ɗauraye kwando ba. Matar da aka tambaya ba ta samu bakin amsawa ba saboda dariya. Ni ce Thoan ɗin. Na yi tsugune a wurin har suka tafi, sannan na fito da kwandona na bi ta wata hanya.

Mijina Khoat mutumin kan tudu ne, garinsu tafiyar yini biyu daga nan. Da muka yi aure sai Baba ya ce mu zauna a gidansa, tunda mahaifiyata ta rasu kuma babu mai dafa masa shi da yayana Trac. Aka ba mu ɗakin baya, kusa da garken alade. A shekara guda Khoat ya kiwata agwagi ɗari suka bi kogi suka tafi, ya kuma haƙa rijiya ta rufta da katangar maƙwabta. Ranar rijiyar Baba ya ajiye bututun tabarsa na gora, mai ruwa a ciki da ke ƙugi in ya zuƙa, ya ce, "Surukina, abin kunya ɗaya ya rage maka a gidan nan. Ranar da ka yi shi, ka ɗauki matarka ku hau tudu wurin uwarka."

Sau ɗaya na taɓa zuwa garin nan. Babu kogi, babu kasuwa, ruwa sai an sauka kwari an ɗebo, uwar miji kuma ba ta dariya. Kabarin mahaifiyata yana nan bayan gonarmu. Ba na son hawa tudu.

Khoat ya tafi Hanoi ya yi wata uku yana ɗaukar bulo. Ana saura kwana ashirin sabuwar shekara ya dawo da tabarma a hammata da wata kacau-kacau ta murafen kwalba da aka baje da guduma aka zura a waya, irin wadda masu tausar birni ke kaɗawa a titi. Ko gida bai shigo ba ya zarce teburin shayi a ƙarƙashin cediya.

"Ku taya ni murna," in ji shi. "Na koyo tam quat."

Ita ce tausar nan da ake yi da bugu, wadda in gwani yana yi sai ka ji ɓaf-ɓaf daga wancan ƙarshen unguwa, mai kwance kuwa barci yake. A ƙauyenmu mutum ɗaya ya iya ta, Kaka Nghiem makaho, shi ma a sanyin bana hannuwansa sun fara rawa.

Mai aski, Kawu Dinh, ya ce, "A wurin wa ka koya, ɗan nan?"

"A wurin idona. Kullum da yamma wani gwani yakan shimfiɗa tabarma a gaban inda muke gini. Na ƙidaya duka goma sha biyu a hannunsa. Akwai naushi, akwai dundu, akwai sara da gefen hannu, akwai mari, akwai tsula, akwai kirɓa, akwai ƙwanƙwasa..."

"Bakwai ke nan."

"Sauran biyar ɗin na manya ne, Kawu. Ba a faɗarsu a wurin shan shayi."

Washegari ya fara gwaji a kan ayabar Baba. Abin da ke damunsa ƙarar. Ya ce ta gwanin birni har kan bene na uku yana jinta, saboda haka sirrin sana'ar ƙarfi ne. Ya zage yana ɗirkar itacen ayaba da tafin hannu a miƙe, tas, tas, tas, har ruwa ya riƙa fita daga jikinta. Kwana biyu ta sunkuya da nonon da ke kanta. Baba ya tsaya ya daɗe yana kallonta, ya ce iska ce, amma ba iska yake kallo ba lokacin da ya faɗa.

Sai aka koma buhun dusa. A duka na shida, wato kirɓa, buhun ya fashe, Khoat ya fito fari fat kamar wanda aka birkiɗa a gari za a soya. Kaji suka bi shi har bakin tafki. Da buhu ya ƙare ya shiga garke ya ce yana son ya gwada a kan abu mai rai. Aladen ya yarda da ƙwanƙwasa, bai yarda da dundu ba. Ta tsakanin ƙafafun Khoat ya wuce, ya ɗauke shi a baya taki uku ya zubar a kwatami.

Ni tun ina ƙarama nake kallon hannun Kaka Nghiem idan yana aiki a ƙofar gidansa. Lanƙwasa tafinsa yake kamar mai ɗiban ruwa, iskar da ke ciki ita ke yin ƙarar, hannun da ƙyar yake taɓa fata. In ina gona ni kaɗai nakan gwada a cinyata. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Da nake zuba wa Khoat ruwa yana wanke dauɗar garke, na ce a hankali, "Yaya, na ga kamar Kaka Nghiem yakan ɗan lanƙwasa hannu."

"Shi ya sa ya tsufa a ƙauye," in ji shi. "Ke da kika tsaya a aji uku, bar mini zancen ilimi. Zuba nan."

Na zuba.

Mutum na farko da ya kwanta masa Kawu Lam ne, mijin Gwaggo Tuat. Tsohon soja ne, kullum labarinsa yadda aka cire masa harsashi ba allura bai yi ko tari ba. A ƙarƙashin cediya aka shimfiɗa tabarma, a gaban maza goma. Ina can gefe ina sayen gishiri. Khoat yana kiran sunan kowane duka kafin ya sauke shi, kamar mai shela. Na ga yatsun ƙafar Kawu Lam sun dunƙule. Na ga ya cusa gefen rigarsa a baki. Da aka gama ya tashi a hankali, ya dafa cediya, idonsa ya kawo ruwa.

"Yaya ka ji, soja?" aka tambaye shi.

Ya haɗiye yawu ya ce, "Tunda aka haife ni ban taɓa jin irin wannan ba."

Sai ya juya ya dubi mai aski, wanda ya yi wata guda yana cinye shi a dara. "Dinh, ba kai ke kukan kafaɗa ba? Kwanta. Ni zan riƙe maka riga."

Mai aski ya kwanta. Da ya tashi bai iya ɗaga hannu ya gyara gashinsa ba, amma ya dubi Kawu Lam, Kawu Lam ya dube shi, sai ya ce ai kamar an sauke masa buhu daga wuya. Kwana biyu bayan nan shi da kansa ya je kasuwa ya jawo Bao mahauci, wanda ya taɓa sayar masa da ƙashi da sunan nama. Mahauci ya sha duka goma sha biyu cif, har da biyar ɗin manya. Ya tashi ya ce lallai ilimin birni daban ne.

A makon ne na ji tambayar Gwaggo Tuat a bakin tafki. Mijinta ya kwana huɗu yana barci rub da ciki, ya ce mata sabuwar hanyar hutawa ce.

Kwana shida bayan sabuwar shekara muke kokawa da mutanen ƙetaren kogi, a filin gaban ɗakin taron ƙauye. Shekara uku a jere suna tafiya da tiren tagulla da ake ba gwani. Bana kowa ya sa rai a kan yayana Trac, mutumin da ke ɗaga garma da hannu ɗaya ya tsallake kunya. Al'ada ce kafin gwani ya shiga fili a buɗe masa baya da tausa, kuma Kaka Nghiem ya aiko cewa bana hannunsa ba zai iya ba.

Dattawa suka zauna. Khoat ya tafi da kacau-kacau ɗinsa ba a kira shi ba. Dattijon da ke riƙe da gangar kokawa ya ce, "Akwai wanda ya taɓa kwanta wa yaron nan?"

Kawu Lam ya dubi mai aski. Mai aski ya dubi mahauci. Mahauci ya dubi ƙasa.

"Lam, da kai nake. An ce ka yaba."

"Na faɗi abin da na faɗa," in ji Kawu Lam.

Haka aka ba Khoat bayan yayana. Da yamma na samu Yaya Trac yana ba ɓaunarmu ta noma ciyawa, na buɗe baki zan yi magana, sai ya ce, "Ƙanwata, a ƙarshe dai mijinki ya yi amfani." Yana murmushi. Na rufe bakina na ɗauki tsintsiya.

Ranar kokawa aka wayi gari da yayyafi. Tutoci sun jiƙe, ganga tana tashi, mutanen ƙetare sun cika jiragen ruwa huɗu sun zo da matansu. Baba ya sa doguwar rigarsa baƙa ya zauna cikin dattawa, kusa da Kaka Nghiem. Ni ina layin mata, a baya.

Khoat bai yarda a yi tausar a bayan ɗakin taro yadda aka saba ba. A bakin fili ya shimfiɗa tabarma, ya ɗaura jan ƙyalle a goshi, ya kaɗa kacau-kacau sau uku har mai ganga ya dakata.

"Jama'ar ƙetare, ku buɗe ido," in ji shi. "Abin da za ku gani ba a yinsa a wancan gefen kogi."

Yaya Trac ya kwanta daga shi sai bante. Khoat ya tofa yawu a hannu.

"Na ɗaya, naushi."

Na rufe ido. Da na buɗe an kai na uku. Yayana ya kafe haƙora a gefen tabarma. Ba zai yi ƙara ba, abokin karawarsa yana tsaye taki biyar yana kallo, ga mata cike da fili. A na biyar, tsula, Khoat ya haɗa yatsu huɗu ya riƙa zabga masa kamar bulala, yana yi yana juyowa ya ga ko na bayan fili suna ji.

Kaka Nghiem ya karkata kai. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma ganga ta yi shiru, kowa ya ji.

"Wa ke kakkaɓe katifa a wurin taro?"

Wani ya raɗa masa. Tsohon ya ce, "Tausa? A'a. Mu bubbugawa muke yi. Wannan bugu ne tsagwaronsa. Me yaron ya sata?"

Matan ƙetare suka fara rufe baki da hula. Khoat ya ɗauka yabo ne, ya ƙara ƙarfi. Da ya gama na goma sha biyu ya miƙe ya rusuna wa dattawa. Bayan Yaya Trac ya yi jajir kamar ƙaguwar da aka tsamo daga tukunya, har yayyafin da ke sauka a kai yana sa shi zabura.

Aka buga ganga. 'Yan kokawa sukan fara da rawar gaisuwa, suna ɗaga hannu suna lanƙwasa kamar zalɓe. Yayana ya yi tasa a sandare, kamar mai ɗauke da ƙofa a baya. Abokin karawarsa wani gajere ne mai suna Suu, da ƙyar ya kai masa kafaɗa. Suka sunkuya, suka haɗa kai. Suu ya zagaya hannu ya dafa bayan yayana yana neman wurin kamu. Dafawa kawai ya yi.

Yaya Trac ya tashi sama. Ƙafafunsa biyu suka bar ƙasa fiye da kamu guda, ya sauka can gefe yana hura iska ta baki.

A kokawarmu faɗuwa iri biyu ce: bayanka ya taɓa ƙasa, ko ƙafafunka biyu su rabu da ita alhali hannun abokin karawa yana jikinka. Dattijon ganga ya daɗe da sanda a sama. Sannan ya buga bugun ƙarshe. Suu yana tsaye yana duban tafin hannunsa.

Ana cikin hayaniya wani tsoho daga ƙetare ya keta fili da agwagwa a hannu, ya miƙa wa Khoat. "Karɓi, ɗana. Baɗi ma kai za ka yi masa, ko? Mu dai muna roƙo."

Khoat ya karɓa. Har ya fara cewa, "Ai dama jikin da bai saba da tausar birni ba..." sai Gwaggo Tuat ta fito daga layin mata, ta kamo mijinta ta juya shi ga jama'a, ta yaye masa riga har wuya. Bayan Kawu Lam kore ne da rawaya da shuɗi, kamar gonar da aka shuka abu uku.

"Ga tsohon soja," in ji ta. "Ga wanda bai taɓa jin irinsa ba."

Matar mai aski ta yaye nata. Mahauci bai jira ba, da kansa ya cire riga ya ajiye.

"Ku uku kun sani kuka yi shiru?" in ji dattijon ganga.

"Lam ne ya fara," in ji mai aski.

"Ni na ce ban taɓa jin irinsa ba. Ƙarya na yi?"

Ba su gama ba Yaya Trac ya juyo. Tafiya kawai ya fara wajen Khoat. Khoat ya ja baya, ya ƙara ja, sai ya zura da gudu da agwagwa a hammata. Ya hau gaɓar gona, ya zo wurin magudanar ruwa ya yi tsalle. Agwagwar ta tsallake. Shi kuwa ya sauka da ƙafa ɗaya a laka, ƙugunsa ya yi ƙas, ya tsaya a sunkuye ba gaba ba baya.

A kan tabarmarsa aka kawo shi gida. Kawu Lam da mai aski da mahauci ne suka ɗauko shi, suka ɗora masa kacau-kacau a ƙirji, kuma duk inda hanya ta yi gargada sai sun bi ta nan. Rabin ƙauye yana biye.

Baba ya shigo ya cire baƙar rigarsa ya ninke. Bai dube ni ba. "Gobe da safe ku ɗaure kaya," in ji shi, ya fita ya zauna a dakalin tsakar gida da bututunsa.

Rana ba ta faɗi ba tukuna. Na tsaya a ɗakinmu ina kallon Khoat rub da ciki yana nishi. A haka ko ƙofar gida ba zai kai ba, balle tudu. Na daka citta na jiƙa da giyar shinkafa na shafa masa a ƙugu. Sannan na naɗe hannun riga, na lanƙwasa tafina.

Ɓaf.

Ƙarar ta cika ɗakin har ni ma na tsorata. Khoat ya ƙwala ihu. "Thoan, na tuba, kada ki kashe ni!" Shi a saninsa duk dukan da ya yi wannan ƙara to ƙashi ya karye. Na ci gaba, ɓaf-ɓaf, ɓaf-ɓaf-ɓaf, daga kafaɗa zuwa ƙugu, yana kiran uwarsa da kakanninsa. Can sai ihun ya fara raguwa. Ya ɗan juyo da kai.

"Ke... ai babu zafi."

A daidai lokacin na lura ƙugin ruwan bututun Baba ya tsaya. Ta ramin taga na ga inuwarsa kusa da bango, ga kawunan mata jere a kan shingen gora.

Na sunkuya kusa da kunnensa. "Yaya, kana son hawa tudu gobe?"

"A'a."

"To kada ka daina ihu."

A nan dai mijina ya nuna gwaninta. Ya yi kuka, ya yi rantsuwa, ya nemi gafarar ayaba da alade da Yaya Trac ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma na saki hannu yadda na daɗe ina so, har kafaɗuna suka gaji. Da na gama ƙugunsa ya saki, ya yi barci baki buɗe.

Da safe na kai wa Baba shayi. Ya karɓa da hannu biyu, abin da bai taɓa yi mini ba. Ya kurɓa, ya dubi hannuwana.

"Jiya na ji," in ji shi. "Ban san kina da zuciyar uwarki ba." Ya sake kurɓa. "Abin da zan yi masa kin riga kin yi, har kin zarce. Ku kwance kayan. Amma nan gaba ki riƙa sassautawa, kada ki bar mana gawa."

Na ce to.

Yaya Trac ya wuce ni a bakin garke, riga a kafaɗa don ba ta sawuwa, ya ce, "Na gode, ƙanwata." A kasuwa Gwaggo Tuat ta ture mata biyu ta ba ni wuri, ta tambaye ni a kunne ko da muciya na yi ko da takalmi. Mahauci ya yanko mini tsoka ba ƙashi, yana yi yana kallon hannuna. Khoat kuwa yana gida yana ɗingishin da ya fi ciwon, don in ya ce ba dukansa na yi ba sai ya faɗi abin da na yi, shi kuma ya gwammace dukan.

A hanyar dawowa na tarar da Kaka Nghiem zaune a ƙofar gidansa yana shan hantsi. Na gaishe shi zan wuce.

"Jikata Thoan ce?"

"Ni ce, Kaka."

"Iska ta kawo mini ƙarar jiya." Ya murza yatsunsa masu rawa. "Hannun hagunki yana riga na dama da kaɗan. In kin gyara wannan, shi ke nan."

Na waiga. Babu kowa a layin sai kaji. Na ce, "Kaka, ban gane zancen ba."

"Ni ma ban ce komai ba," in ji shi, ya juya fuska ga rana.

Na gyara kwandona a ƙugu na kama hanya. Kafin in kai shingenmu na yanke shawara: ko Baba, ko Yaya Trac, ko Gwaggo Tuat da za ta sake tambaya gobe, babu wanda zai ji daga bakina cewa tausa na yi masa.